Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Sayi Tsohuwar Bindiga Mai Baki Biyu

Mai neman tsohuwar bindigar farauta mai baki biyu yakan fara da kallon sunan kamfani da zanen da aka yi wa ƙarfenta, alhali kuwa waɗannan ne ya kamata su zo ƙarshe. Abin da ake saye shi ne bututun nan guda biyu, domin ana iya sake ƙota ko gyara kunama, amma bututun da ya sirance ko tsatsa ta cinye shi ba ya dawowa yadda yake.

Zaɓi na farko yana tsakanin ƙira biyu. Akwai bokslok, wadda Anson da Deeley suka ƙirƙira a kamfanin Westley Richards na Birmingham a 1875, inda duk kayan harbi suke cikin jikin bindigar. Tana da ƙarko, kayan cikinta ba su da yawa, gyaranta kuma ba ya wahalar da maƙeri. Sai saidlok, wadda kayan harbinta ke kan faranti biyu a gefe, irin wadda Purdey da Holland & Holland na Landan suka yi suna a kanta. Ta fi kyan gani, ta fi tsada, kuma da yake ana rarake katako sosai don a zaunar da farantan, ƙotarta takan tsage a wurin, matsalar da aka san bindigogin L.C. Smith na Amurka da ita. Ga wanda zai riƙa fita da bindigarsa daji, bokslok mai lafiyayyen bututu ta fi saidlok mai babban suna wadda aka goge cikin bututunta har ya sirance.

Daga nan sai irin ƙarfen. Bindigogi da yawa na ƙarni na 19 an yi bututunsu da ƙarfen Dimashƙu, wato tsirkiyoyin ƙarfe da aka murɗa aka haɗa a wuta, shi ya sa ake ganin zane kamar igiyar ruwa a jikinsu. Galibinsu an yi su ne don baƙin albarushi, ba don albarushin zamani marar hayaƙi ba. Abin da zai raba gardama shi ne hatimin gwaji, wato tambarin da ake bugawa a ƙarƙashin bututun bayan an gwada ƙarfinsa da harbi, wanda ake gani idan an kwance bindigar. Gidajen gwaji na Landan da Birmingham, da na Liège a Beljiyam da Eibar a Sifaniya, kowane yana da nasa hatimi, kuma a Birtaniya laifi ne a sayar da bindigar da gwajinta ya ɓaci, wato wadda bututunta ya sauya daga yadda aka gwada shi. Amurka ba ta da irin wannan gida na hukuma, don haka bindigarta sai an dogara da awon maƙeri. Hatimi ma yana faɗin yanayin bindiga ne a ranar da aka gwada ta, ba yanayinta na yau ba.

Saboda haka awo ya zama dole. A sa ƙwararre ya auna kaurin bangon bututun, domin masana da yawa ba sa amincewa da abin da ya gaza kusan rabin milimita a wurin da ya fi siranta. A auna mazaunin harsashi kuma: a tsoffin bindigogin Ingila tsawonsa yawanci milimita 65 ne, yayin da harsashin da ya fi yawa a kasuwa yanzu na milimita 70 ne, kuma shigarsa cikin sauƙi ba ta nufin ya dace. Ƙwayoyin baƙin ƙarfe da ake sa wa a madadin dalma su ma suna iya kumbura tsohon bututu.

Akwai gwaje-gwajen da mai saye zai yi da hannunsa bayan ya tabbatar babu harsashi a ciki. Ya cire bututun ya rataye shi a yatsa, ya ƙwanƙwasa shi da farce: idan ya yi amo mai tsawo kamar ƙararrawa, likin da ya haɗa bututun biyu yana nan daram, idan kuwa amon ya mutu nan take, likin ya saki, wataƙila tsatsa na aiki a ƙarƙashi. Ya ɗaga shi ga haske ya nemi lotsawa, kumburi ko ƙananan ramuka. Sannan ya mayar da shi, ya cire katakon gaba, ya girgiza bindigar. Duk motsin da ya ji tsakanin bututu da jiki alama ce ta lalacewa, ko da yake wannan gyara ne da maƙeri zai iya, don haka dalilin rage farashi ne, ba na fasa ciniki ba. Katakon da ya yi baƙi a kusa da ƙarfe ya sha mai ne, ya kuma yi laushi.

Game da bindigar da aka sake mata sabon bututu a kan tsohon gindi, darajarta a wurin masu tara kayan tarihi ta ragu, amma idan an sake gwada ta aka buga hatimi, takan fi ta asali aminci wajen harbi. Kafin a biya kuɗi, a daidaita lambar da ke kan bututu da ta jiki da ta katakon gaba, a kuma tabbatar an cika sharuɗɗan lasisi na ƙasar da ake ciki.