Matoshin kunne mai matatar sauti: wata takwas ina sa shi a wurin biki

Shekarata tara ina ɗaukar bidiyon biki a Kano. Wanda ya san aikin ya san wurin tsayuwarmu: gefen kujerar ango da amarya ko bakin filin rawa, daidai inda dije yake girke manyan sifikunsa. Mai liƙi zai shigo ya yi minti biyar ya koma ya zauna, ni kuwa tun daga addu'ar buɗe taro har a watse ina nan. In gab da azumi ne da bukukuwa ke haɗuwa, kamu ranar Alhamis, dina Juma'a, wata dinar Asabar.

Da can in na koma gida kunnena yakan yi wani siririn kuka, shiii, kafin gari ya waye ya ɗauke. Bara ya ƙi ɗaukewa. Da ya kai mako biyu na je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Ya gwada jina, ya ce na hagu ya fara raguwa a siraran sautuka. Ya yi mini bayanin cewa can ciki, bayan dodon kunne, akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi a kansu, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Wannan maganar ta tsaya mini a rai.

Lissafin ma ya isa ya tayar da hankali. Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Ƙarar da ma'aikaci zai iya jurewa awa 8 a rana ita ce desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. In ƙara ta kai 100, minti 15 ke nan. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa kada matsakaicin sautin wuraren kiɗa ya wuce desibel 100. Na sa manhajar auna sauti a wayata, wadda kimantawa kawai take yi, amma a wurin tsayuwata sau da yawa tana haura hakan. Ni kuma awa huɗu nake yi.

Na fara da matoshin soso, wanda ake murzawa a tura ya kumbura a ciki. Yana da arha, yana tare ƙara sosai, mai aikin injin niƙa ko gadin janareta ba ya buƙatar wanda ya fi shi. Sai dai aikina da kunne ake yinsa. Komai ya koma kamar ana magana a cikin randa. Ranar nan mai gabatarwa ya kira uwar amarya ta fito, ban ji ba, sai da ta kai tsakiyar fili na juyo da kyamara. Wannan fitowar ba a maimaita ta, na kuma ji nauyin mutanen ƙwarai.

Shi ya sa na yi odar irin wanda makaɗa ke sawa. Roba ce mai laushi mai hawa uku, da wata 'yar matata a tsakiya da ke barin sauti ya wuce bayan ta rage masa ƙarfi, kimanin desibel 20 bisa rubutun jikin kwalin. Daren farko na sha mamaki. Kiɗan yana nan yadda yake, kalangu kalangu ne, muryar mawaƙi tas, kamar dai an murɗa sautin ɗakin taron ƙasa. Yarona mai riƙe fitila ya yi mini magana na ji shi ba tare da ya kafa baki a kunnena ba. Abin da ya fi burge ni shi ne bayan an tashi: babu wannan dumm da ciwon kan da na ɗauka gajiyar aiki ce tsawon shekaru.

Yana da nasa wahalhalun. Makon farko ya yi mini ƙaiƙayi, in zufa ta taru kuma yana ɗan zamewa. Muryarka takan cika maka kai idan kana magana, tauna nama kuwa sai ka cire shi. In bai zauna daidai ba amfaninsa kaɗan ne: sai ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai, ka ja kunnen sama da baya, sannan ka tura a hankali. Ƙanƙane ne, ɗaya ya taɓa faɗuwa cikin kuɗin liƙi ban sake ganinsa ba, yanzu gidansa a maƙale yake da makullin babur ɗina. Lokacin hunturu kullum sai na goge ƙura da dauɗar kunne, in ba haka ba matatar ta toshe. Dukan ƙirjin nan na manyan sifiku ma bai hana ba, don haka har yanzu nakan ja baya in fita waje minti goma idan an zauna cin abinci.

Kukan kunnen bai tafi ba, kuma matoshin ba magani ba ne. Abin da na lura shi ne ya daina ƙaruwa bayan kowane biki.

Wata hajiya ta hango shi a kunnena a wurin kamu ta ce, "Ɗan nan, ciwon kunne kake yi?" Na ce, "A'a Hajiya, gudun ciwon nake." Jikanta na goye a bayan wata yarinya, taku uku daga sifika. Na roƙe ta a matsar da shi can baya, ta sa aka matsar. Yarona kuwa da auduga yake cusawa, wadda kusan ba ta tare komai. Na saya masa nasa, kuma ba ya ɗaukar fitila sai na ga ya sa.