Ƙaramin majigi a ajin yaƙi da jahilci: abin da na gani cikin wata shida

Ina koyar da ajin manya a wani zaure cikin birnin Kano, daga bayan sallar isha'i zuwa wajen ƙarfe goma. Ɗalibaina magidanta ne: teloli, masu faci, 'yan dako, da dattawa biyu sa'o'in mahaifina. Wata shida ke nan da muka yi karo-karo muka sayi ƙaramin majigi mai batir, wanda bai fi kwanon sha girma ba. Malamai 'yan'uwana suna ta tambayata ko ya biya kuɗinsa, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na gani.

Daren da muka fara haska shi a jikin farin zanen gado, ɗaya daga cikin dattawan ya yi shiru, can ya ce rabonsa da majigi tun yana yaro, zamanin da mota ke zuwa dandali ta nuna hotunan tsafta da noma, mai bayani yana fassarawa ta lasifika. Ashe ba baƙon abu muka kawo ba. Shi kansa yaƙi da jahilci tun shekarun 1950 ake yin sa a Arewa, da ƙananan littattafan da NORLA, hukumar wallafa littattafai ta Jihar Arewa, ta riƙa bugawa a Zariya daga 1954, kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Kano a 1980.

Babban amfanin majigin ba inda na zata yake ba. Da, idan kowa ya duƙufa a kan littafinsa, wanda ya kasa sai ya yi gum, don babba ba ya son a ga gazawarsa gaban ƙannensa. Yanzu idon kowa na kan bango ɗaya. Na taɓa ɗaukar hoton saƙon banki da ya shigo wayata, na rufe lambar asusu, na haska. Muka bi shi layi-layi: ga kwanan wata, ga abin da ya shigo, ga abin da ya rage. Wani tela ya miƙe ya ɗora yatsa a jikin zanen ya ce, "Malam, ashe nan ne ragowar kuɗin? Ni kullum sai na kai wa yaro ya duba mini." Kafin in buɗe baki, na kusa da shi ya ce, "Yaya, dubi na ƙasa, wancan na sama abin da aka turo ne." Suka gyara wa juna, ba wanda ya ji kunya. Tun daga ranar su ke kawo abin da za a haska: rasit, katin asibiti, takardar makarantar 'ya'yansu, har hoton allon kan titi. Na lura abin da mutum ya kawo da hannunsa ba ya saurin mantawa da shi.

Amma majigin yana da nasa cikas. Mai shagon da ya sayar mana da shi ya rantse mana batirin zai yi awa huɗu, ga shi da kyar yake kai biyu, sai da muka ƙara da abin cajin waya na tafi-da-gidanka. Muryar majigin ba ta kai bayan zaure, dole a jona masa wata lasifika. Da hunturu ya kama, ƙura ta toshe ramukan shan iskarsa, ya riƙa zafi yana mutuwa, sai na koma goge shi da buroshi mai laushi ina ajiye shi a jaka.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Idan na saka rubutu a filas, ɗan abin adana bayanai da ake soka wa majigin, na buɗe kai tsaye, sai ƙ da ɗ da ɓ su koma ƙananan akwatuna. Wanda yake koyon bambanta kafa da ƙafa, ko dauka da ɗauka, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce gare shi. Maganin da na samu shi ne in rubuta darasin a waya, in mai da shi hoto, sannan in haska. Duk mai niyyar saye ya tafi shago da kalma mai ƙ ya gwada kafin ya biya.

Kuma majigi karatu yake koyarwa, ba ya koyar da hannu. Na gwada mako biyu ba allo ba alli, sai na tarar suna gane kalma amma ba sa iya rubuta ta. Yanzu rabin sa'a muke haskawa, sauran lokacin kowa ya ɗauki fensir.

Ajin mata da ƙanwata ke koyarwa bayan azahar har yanzu bai mori majigin ba, don haskensa ba ya iya ja da rana. Telolin ajinmu sun ɗauki nauyin ɗinka baƙin labule na taga da ƙofa, jiya ma suka zo suka auna.