Sharhi kan mai gyaran wayoyin wuta da ya tayar min da babur bayan koyil ɗin caji ya ƙone

Na daɗe ina son rubuta wannan sharhin, amma na ce bari in bar babur ɗin ya sha hanya tukuna, kada in yi saurin yabon ɗan kuturu. Yanzu wata biyar ke nan da karɓo shi, na yi tafiyar dare da shi, ruwa ya dake mu sau biyu, don haka ina ganin na samu bakin magana.

Babur ɗin Suzuki GS550 ne ƙirar 1980, mai silinda huɗu. Da na saye shi na sa aka tuɓe shi kakaf, aka yanke bayan firam, aka yi masa fentin gari irin wanda ake gasawa a wuta, aka sa siririyar kujera, fitilu duk aka mayar da su LED. Ƙaton batir ɗinsa na asali na cire, na sa ɗan ƙaramin na litiyam a cikin wani akwatin ƙarfe ƙarƙashin kujera. Burina a lokacin shi ne mutum ya kalli babur ɗin bai ga waya ko ɗaya ba. Wanda ya haɗa min shi ya cika min wannan burin, ya tura komai cikin akwatin nan ya rufe, har da regileta, na'urar da ke daidaita wutar cajin batir, wata marar suna da na sayo don kawai ƙarama ce za ta shiga.

Shekara guda muka yi lafiya lau. Wani dare ina dawowa sai na ga fitilar gaba tana kyaftawa, na kunna sigina ta ƙi, can sai injin ya fara shaƙewa kamar mai ya ƙare, ya mutu a gefen titi. Na danna sitata, sai ƙas ɗaya kawai. Da na sunkuya wajen kujera na ji ƙaurin roba. A ƙafa na turo shi gida, kuma duk wanda ya taɓa tura babur mai silinda huɗu ya san me na gani a daren nan.

Bakaniken da na fara kai wa ko mita bai ɗauko ba. Ya ce batir ne. Na sayi sabo, babur ya tashi, na yi murna, kwana uku ya sake mutuwa. Ya ce fulogi ne, aka canja huɗun. Da ya fara maganar kafireta sai na ɗauke abina. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, wannan babur tartsatsin fulogi daga batir yake samunsa. In ba a caji, zai yi ta tafiya a kan abin da ke cikin batir har ya zuƙe shi tas, don haka sabon batir kwana kawai yake saya maka.

Na biyun, wanda shi ne dalilin wannan rubutu, dattijo ne da ba ya taɓa komai sai wayoyin wuta. Wani abokina ne ya kwatanta min shi. Da na fara zuba masa labari sai ya ɗaga hannu ya ce: "Ƙanena, bar labarin tukuna, bari babur ya faɗa da bakinsa." Ya ɗauko mitarsa, wata tsohuwa da aka ɗaure bayanta da tef, ya ɗora a kan batir bayan ya cika shi da caji. Injin a kashe ta nuna bolt 13.2, wanda daidai ne ga batirin litiyam. Ya tayar, ya murɗa totur har allurar juyin inji ta kai 4,000 a minti. Maimakon lambar ta haura 14, sai ta sauko 12.9 tana ci gaba da zamewa. Ya juyo min da fuskar mitar don in gani da idona, bai ce komai ba.

Daga nan ya bi ta baya. Wayoyi uku ne ke fitowa daga koyil ɗin caji, wanda ke cikin murfin injin na hagu, maganaɗisu na juyawa a kansa. Ya cire su daga regileta, ya mayar da mita kan wutar AC, irin wadda koyil ke bayarwa, ya gwada su bibbiyu injin na gudu a 5,000. Ya kamata gwaji ukun su zo kusan daidai da juna. Ɗaya ya ba da sama da bolt 70, sauran biyun ko 30 ba su kai ba. Ya kashe injin, ya taɓa waya ɗaya da jikin injin, mita ta yi ƙara, alamar wayar koyil ta ƙone ta haɗe da ƙarfe. Da ya kwance murfin, kusan kashi ɗaya cikin uku na naɗin ya koma baƙi ƙirin, fatar wayar tana ɓarɓashewa in ka sa farce, ga wani wari kamar na tukunyar da aka manta a kan wuta.

Ni a nan na ɗauka an gama: a sa sabon koyil in tafi. Na ce: "Baba, to sai a canja shi ke nan." Ya ce: "In na canja yau, wata uku za ka dawo min da shi a ƙone. Koyil ba ya ƙonewa haka kawai, wani ne ya ƙona shi." Wannan maganar ce ta sa na yarda da shi, kuma wannan ɓangaren aikin ne ya fi ɗaukarsa lokaci.

Abu uku ya tono, kuma biyu laifina ne. Na farko fentin nan da nake alfahari da shi. Fentin gari roba ne, wuta ba ta ratsa shi, kuma a kansa aka ɗaure wayar at ta regileta, wato wadda ke mayar da wuta ta jikin ƙarfe, ba a kankare wurin ba. Zaren noti kaɗai ke taɓa ƙarfe. Ya gwada tsakanin wannan notin da ƙafar batir ta nagetif injin na aiki, aka samu kusan bolt ɗaya na ɓacewa a hanya, a wurin da bai kamata a ga komai ba sai ɗan ƙanƙanin abu. Na biyu akwatin. Regiletar da na sayo irin wadda ake kira shunt ce: in batir ya cika, ba ta dakatar da koyil, sai dai ta haɗe wayoyinsa wutar ta yi ta zagayawa tana zama zafi. Da na mayar da fitilu LED, wutar da babur ke ci ta ragu sosai, ragowar da za a zubar ta ƙaru, ni kuma na kulle abin a akwatin da iska ba ta shiga. Na uku aikin wanda ya haɗa babur ɗin ne. A tsofaffin GS, ɗaya daga cikin wayoyin nan uku takan zaga ta makunnin fitila kafin ta iso regileta. Da yake rage wayoyi, sai ya yanke zagayen ya murɗa bakin biyu da hannu ya naɗe da tef. Dattijon ya warware tef ɗin a gabana, tagullar ta yi kore, robar soket ɗin kusa da ita ta narke ta manne. Ƙaurin da na ji a daren nan ke nan.

Ya sa sabon koyil da sabon gasket. Regileta kuma ya ba ni shawarar SH775 ta kamfanin Shindengen na Japan, wadda ke yanke layin koyil in batir ya cika, koyil ya huta maimakon ya yi ta dahuwa. Ya ja min kunne cewa jabunta sun yi yawa a kasuwa, ya ce in kawo ya duba kafin a ɗaura. Wayar fozitif ya ja ta kai tsaye zuwa batir ta cikin fiyus mai amfiya 30, nagetif ma kai tsaye, sannan ya kankare fenti a firam har ƙarfe ya fito fari, ya ɗaure at a wurin, ya shafa girisi don tsatsa. Na lura bai liƙa mahaɗan da dalma ba, matse su ya yi da filaya ta musamman ya rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Na tambaya, ya ce dalma tana sandarar da waya, girgizar babur kuma daidai inda ta sandare take karya ta. Da ya gama ya sake ɗora mita: bolt 14.3 a 4,000, ta tsaya cak ko an kunna babbar fitila. Batirin litiyam irin nawa ba ya son a wuce masa 14.6, don haka wannan lambar ta kwantar min da hankali.

Ba komai ne ya yi min daɗi ba. Ya ce kwana huɗu, sai da ya yi sha ɗaya. Waya kuwa ba ya ɗauka, sai ka taka ka je ka same shi. Kuma mun yi 'yar jayayya kan inda za a ɗaura regileta, don SH775 ƙatuwa ce idan aka kwatanta da tawa ta da. Ni ina so a ɓoye, shi ya ƙi ƙememe, ya ɗaure ta a waje ƙarƙashin akwatin inda iska ke bugun haƙarƙarinta. Ya ce in kyau nake nema in koma wa wanda ya yi min na farko. Har yau in na kalli babur ɗin ta gefen hagu idona a kanta yake fara sauka, kuma sandar da ya ɗaure ta a kai bai ko fenta ba, ni na yi da kaina daga baya.

Ranar da na je ɗauka ya miƙo min takarda, zanen wayoyin babur ɗin ne da biro, kowace waya da launinta da inda ta nufa, tunda littafin kamfani ya daina aiki a kansa tun ranar da muka yanke wayoyin asali. Wata biyu da suka wuce sigina ta baya ta ɗauke, na buɗe takardar, na bi layin da 'yar mitar da na saya bayan wannan wahala, cikin minti goma na samu soket ɗin da ya saki. Takardar tana cikin leda a ƙarƙashin kujera, a gurbin da tsohuwar regileta ta bari.