Beatles ko Rolling Stones, wa ke gaba?

Ɗan'uwa da ka yi tambaya jiya cewa tsakanin Beatles da Rolling Stones su wa suka fi a kiɗan rok, kuma da su wa ya kamata ka fara ji, to ga nawa ra'ayin, tun ina yaro nake jin su a kaset ɗin kawuna don haka ba jita-jita zan kawo maka ba.

Duka 'yan Ingila ne kuma kusan sa'o'in juna ne. Beatles yaran Libaful ne su huɗu, John Lennon, Paul McCartney, George Harrison da Ringo Starr, sun fara a 1960 suka rabu a 1970. Rolling Stones kuma a Landan suka haɗu a 1962, Mick Jagger ke waƙa Keith Richards na jita, kuma har yau suna nan, ko a 2023 sai da suka fitar da sabon albam.

Ni a wurina Beatles ne gaba, kuma dalilina shi ne aikin situdiyo. Mutanen nan a 1966 suka daina hawa dandamali kwata-kwata saboda ihun 'yan kallo ya kai ko kansu ba sa ji, suka koma situdiyon Abbey Road da furodusansu George Martin suna gwaje-gwaje, a juya tef ta baya, a kawo masu goge irin na Turawa, Harrison ma har Indiya ya je ya koyi sitar, wani abin kiɗan Indiya mai tsirkiya, wurin Ravi Shankar ya shigo da shi cikin rok. Ka sa abin ji a kunne ka saurari albam ɗinsu Sgt. Pepper na 1967, za ka ji kiɗa na fitowa ta kunnen hagu murya ta dama, wani abu ya ratso ta tsakiya ya wuce, wallahi ranar da na fara ji haka sai da na tsayar na mayar baya har sau uku. Sai ka koma ka ji waƙoƙinsu na 1963, ka rantse ba mutane ɗaya ba ne, alhali shekara huɗu ce kacal a tsakani.

Su Stones ba haka suke ba, sun kama hanya ɗaya sun riƙe ta gam. Tushensu kiɗan bulus ne na baƙaƙen fatan Amurka, sunan nasu ma daga waƙar mawaƙin bulus Muddy Waters suka ɗauko shi. Keith kan cire tsirkiya ɗaya daga jitarsa ya bar biyar ya sake ɗaurin ta, shi ya sa sautinsa ke da wannan kaushin, yana kaɗawa ka san shi ne. Ga Charlie Watts a bayan ganga ba hayaniya ba gaggawa, har ya rasu a 2021. In maganar wasa a gaban jama'a ake yi to gaskiya Beatles ba su kama ƙafarsu ba, a 2006 a bakin tekun Copacabana na Burazil mutum sama da miliyan ɗaya suka taru musu, a 2016 suka yi wasa kyauta a Habana ta ƙasar Kuba.

Masu cewa Stones sun fi don sun daɗe, ni ban yarda ba, daɗewa daban ƙirƙira daban. Kuma gabar da ake zuzutawa tsakaninsu yawanci aikin 'yan jarida ne da magoya baya, don Lennon da McCartney da kansu suka ba Stones waƙa a 1963 lokacin suna neman tashi, kuma McCartney ya kaɗa musu jitar bes a albam ɗin nan na 2023. Af, shi McCartney har Legas ya zo ya naɗi albam a 1973 bayan Beatles sun rabu.

Ka fara da albam ɗin Revolver na Beatles da daddare in gida ya yi shiru, ka ji shi daga farko har ƙarshe kar ka tsallake ko ɗaya. Sticky Fingers na Stones kuma ka ajiye shi sai ranar da za ka hau doguwar hanya a mota, sannan ka dawo nan mu ci gaba da musun.