Fai na Cuku: Mai Zaƙi ko Mai Gishiri, Wanne Za Ki Gasa?

'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce dangin maigida za su zo miki wuni, kina so ki gasa musu ƙananan fai masu cuku a ciki, amma kin rasa na zaɓa tsakanin mai zaƙi da mai gishiri, kuma tukunya da yashi gare ki, ba obin ba. Amsata a gajarce ita ce ki fara da mai gishiri. Amma bari in jera miki su biyun, don ki ga dalili da idonki.

Ta wajen kwaɓi kusan uwarsu ɗaya. Fulawa kofi 2, wato kamar giram 250, bota giram 125, gishiri rabin ƙaramin cokali, sai ruwan sanyi babban cokali 4 zuwa 5. Mai zaƙi ne kawai ake ƙara wa sukari cokali 2. Ki murtsuke botar cikin fulawa da kan yatsu har ta yi tsaki-tsaki, ki zuba ruwan ki tattara, kada ki yi ta bugu kamar mai kwaɓin burodi. Ƙananan gutsattsarin botar da suka rage a daskare su ne ke narkewa a wuta su bar ramuka, shi ya sa fai ke yin garas-garas. A nan zafin Sakkwato ke yi mana cikas. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bota na narkewa tun tana hannu, sai fai ya fito da tauri yana naso. Ki kwaɓa bayan asuba, ki sa a firji minti 30 kafin ki murza. In babu wuta, ki ɗora kwanon a kan ƙanƙara. Da hunturu kuwa ba ki da wannan damuwar.

Inda suka rabu da gaske shi ne cukun da ke ciki, domin ba kowane cuku ke narkewa ba, kuma ba kowanne ke karɓar sukari ba.

Mai gishiri ba shi da tsirfa. Warar da matan Fulani ke kawowa ta ishe shi. Ana daskarar da ita ne da ruwan ganyen tumfafiya a kan wuta, don haka ba ta narkewa ta malale, sai dai ta yi laushi ta zauna inda aka sa ta. Wannan alheri ne ga mai koyo, domin ba za ta fasa bakin fai ta tsiyaye ba. Ki tafasa ta minti 5 a ruwan gishiri don ɗan ɗacin tumfafiyar ya ragu, ki tsane ta sosai, ki marmashe. Sai ki soya albasa da attaruhu kaɗan har ruwansu ya ƙone, ki bari su huce kafin ki haɗa. Albasa kam Allah ya hore mana ita a ƙasar nan, kada ki yi mata rowa, ita ce ke ba wara ɗanɗanon da ta rasa. In kina son ya riƙa yin yauƙi in an ɓare, ki gurza ɗan mozarela na kanti ki haɗa, kashi ɗaya cikin uku ya isa. Ceda, wani cukun kanti, ya fi ƙamshi amma yana da gishirinsa, sai ki rage naki. Busasshen cukun Buzaye da ke shigo mana daga Nijar ta Illela da Birnin Ƙonni shi ma yana shiga, sai dai a daka shi a barbaɗa don ɗanɗano, ba a cika fai da shi kaɗai ba, ya yi tauri da yawa.

Mai zaƙi shi ne mai son lallashi. Wara ba ta cika dacewa da shi ba, saboda ɗacin nan da yaji ke rufewa sukari tona shi yake yi. Abin da ya fi shi ne ki yi naki cukun: ki tafasa madarar shanu lita 1, ki sauke, ki zuba ruwan lemun tsami cokali 2 zuwa 3, ki bari ta tsinke, ki tace da tsaftataccen kyalle. Za ki samu kamar giram 150 zuwa 200, fari, mai laushi, marar gishiri. Ki dama shi da sukari cokali 2, kwaiduwar ƙwai ɗaya, fulawa ƙaramin cokali 1, da ɗan kirfa ko gyaɗar ƙamshi. Ƙwan da fulawar ba ado ba ne. Sukari na janyo ruwan da ke cikin cuku, in babu abin da zai riƙe ruwan sai ya jiƙa ƙasan fai ya caɓe. Ni na fi son in rage sukarin in yayyanka dabino a ciki, zaƙinsa ya fi kwanciya a baki, kuma yana shan ruwan da ya yi saura. Larabawan Sham da suka shahara da kayan zaƙi na cuku irin su kunafa, jiƙa cukunsu suke yi a ruwa har gishirin ya fita kafin su yi amfani da shi, wato su ma sun san gishiri da yawa na ɓata wannan ɓangaren.

Wajen gashi ma halinsu ya bambanta. Mai gishiri na son wuta mai ɗan ƙarfi, digiri 200 a obin, minti 20 zuwa 25. Mai zaƙi sai an sassauta zuwa 180, domin sukari na saurin yin ja, sai ki ga waje ya ƙone ciki bai nuna ba. To ke da za ki gasa a tukunya, ba ki da ma'aunin zafi, kin ga wanda zai fi yafe miki kuskure. Ki zuba yashi ko gishiri a ƙasan tukunyar, ki rufe ta yi zafi minti 10, ki ɗora faranti a kan ƙarfe ko duwatsu uku don kada ya taɓa yashin. In kin sa 'yan garwashi a kan murfi, saman zai yi ja kamar na obin. Ki shafa ruwan ƙwai a sama, ki huda kowanne da cokali mai yatsu don tururi ya fita. Mai gishiri ki barbaɗa masa riɗi ko habbatus sauda, mai zaƙi ki bar shi haka, ta nan ma baƙi za su gane wanne ne wanne ba sai sun ɓare ba.

Sai batun ajiya, kuma ina roƙonki kada ki yi wasa da shi. Abincin da ke da cuku da ƙwai bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa 1 ce. Su biyun duka dokar ta hau kansu, amma mai gishiri in ya kwana a firji aka ɗumama shi a kasko yana dawowa da garas ɗinsa, mai zaƙi kuwa laushi yake yi, daɗinsa na ranar da aka gasa shi ne.

Ta wajen kuɗi, mai gishiri da wara da albasa ya fi sauƙi nesa, tunda lita guda ta madara ɗan cuku kaɗan take bayarwa. Kuma a wuni irin naki akwai dattawa, wataƙila da mai ciwon sukari a cikinsu, mai gishiri kowa zai miƙa hannu, ya tafi da shayi, ya tafi da zoɓo ko kunun aya.

Don haka ki kwaɓa kwaɓi ɗaya ba sukari, ki raba uku. Kashi biyu ki cika da wara da albasa, ki fara gasa su tun tukunya na da zafi sosai. Kashi na ukun ki yi na dabino saboda yara, ki sa shi a ƙarshe bayan kin janye itace ko kin rage gas. Kada cikin kowanne ya wuce ƙaramin cokali ɗaya, ki shafa ruwa a bakin ki danne da cokali mai yatsu ya rufu ruf. Allah ya sa albarka, ya kawo baƙin lafiya.