Sifana mai awon ɗauri: yadda na same ta a kan rim ɗin aloyi

Da na sauya wa motata rim zuwa na aloyi wanda ba na kamfani ba, sai na haɗa da sifanar nan mai awon ƙarfin ɗauri, wadda ke yin "ƙas" idan noti ya kai inda aka saita. Tawa mai bakin rabin inci ce, awonta daga Nm 40 zuwa 210 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri). Ta wadatar, tunda yawancin ƙananan motoci tsakanin 100 da 140 suke. Corolla 103 take so, Civic da Accord 108, Golf kuwa 120. Adadin yana cikin littafin motar, kuma sauya rim ba ya sauya shi sai in wanda ya ƙera rim ɗin ya faɗi nasa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda ɗaurin ba ya cin ƙarfi. Hannu ɗaya a kan mariƙin, ka danna a hankali, sai ka ji ta yi ƙara ta ɗan saki. Ashe hawa kan sifana da ƙafa da ake yi, ko sakar wa noti bindigar iska har ta gaji, duk wuce gona da iri ne. Shi ke miƙar da bolti har wata rana ya tsinke, ya kuma iya lanƙwasa faifan birki sitiyari ya riƙa rawa.

Sai dai sifanar ba ta san gaibu ba. Ƙarfi kawai take aunawa, ba ruwanta da ko notin ya zauna daidai. Yawancin rim ɗin kasuwa raminsu mai tsini ne, digiri 60, alhali notin asali na Honda da boltin Volkswagen ƙasansu a kewaye yake, na aloyin Toyota kuma a shafe, haɗe da washa. Ka ɗora notin da bai dace ba, za ta yi maka "ƙas" lafiya lau, amma bakin ramin kaɗai ya kama, kuma aloyi ba ya jure cizo irin na ƙarfe. Haka idan ka shafa giris a zaren bolti: awon zai nuna daidai, ɗaurin ya zarce. A bushe ake ɗaurawa. Ina kuma ƙirga juyi, domin aloyi ya fi rim ɗin ƙarfe kauri, zaren da noti zai kama yana iya raguwa. A boltin M12x1.5, wato mai kaurin milimita 12, ina son noti ya shiga kamar juyi 8 kafin ya tsaya.

Ɗaurin a tsallake nake yi, noti ɗaya sannan na gabansa ta ɗaya ɓangaren, in kammala bayan taya ta taɓa ƙasa. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 na sake bi, kuma wasu notin sun ɗan motsa kafin ƙarar. Wannan kaɗai ya isa dalilin ajiye ta a but.

Inda ta gaza: lambobin jikinta ƙanana ne, an zana su a ƙarfe mai sheƙi, da magariba sai da fitila. Makullin gindinta yana kwancewa in ba ka matse shi ba, awon ya goce. Sokit ɗin da ta zo da shi ma ya yi kauri, bai shiga ramin rim ɗin ba, sai da na nemo siriri mai rigar roba don kada ya karce fenti. Ba a kwance noti da ita, kuma in an gama a mayar da ita kan ƙaramin awo, in ba haka ba sifirin ɗin ciki ya gaji ta fara ƙarya.