Sabon rim da gajeren sufirin a salun mai lantarki: wanne za ka saya, wanne za ka bari?

Wanda ya sayi salun mai lantarki ba ya daɗewa kafin idonsa ya tsaya kan abu biyu: murfin robar da kamfani ya rufe rim da shi, da ratar da ke tsakanin taya da madigadi. Daga nan sai zuciya ta fara raya masa manyan rim masu sheƙi da gajeren sufirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya, wanda zai kwantar da motar ta yi ƙasa. Sha'awar ba laifi ba ce. Amma kafin ka zaro kuɗi, ka tuna wannan motar ta sha bamban da ta fetur ta fuska uku. Nauyinta ya fi, don Tesla Model 3 tana kusa da kilo 1,800, BMW i4 kuwa ta haura tan biyu. Batirinta yana shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafafunka, shi ne mafi tsada a jikinta kuma shi ne mafi kusa da ƙasa. Sannan duk abin da ka canza a tayoyi, nisan da caji ɗaya zai kai ka shi zai biya.

Mu fara da girman rim, domin nan ne mutane suka fi yin asara ba su sani ba. Hyundai Ioniq 6 ta shekarar 2023 misali ce da ba ta buƙatar gardama. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ba mai babban batir da ke tuƙi da tayoyin baya mil 361 idan rim ɗinta inci 18 ne, amma mil 305 idan inci 20 ne. Batir ɗaya, inji ɗaya, bambancin ya kai kusan kilomita 90 a kowane caji. Ba nauyin rim kaɗai ya jawo haka ba. Babban rim yakan zo da taya mai faɗi, mai kama titi sosai, kuma fuskarsa a buɗe take, iska na shiga tana dambarwa a ciki. A kan babbar hanya iska ce ke cin caji fiye da komai, shi ya sa kamfani ya ɗora maka wannan murfin da kake gani bai yi kyau ba. A cikin gari kuwa, inda ake tashi ana tsayawa, nauyin rim ya fi tasiri.

Akwai kuma maganar jin daɗin zama. Tayar Model 3 ta inci 18, wato 235/45 (faɗin milimita 235, tsayin gefe kashi 45 cikin ɗari na faɗin), gefenta ya kai milimita 106. Ta inci 20, wato 235/35, milimita 82 ne kawai. Wannan ɗan naman robar shi ke fara karɓar dukan rami kafin ya iso ga rim, kuma mota mai nauyi da ƙarfi take faɗa wa rami. Ni a ganina, wanda ke tafiye-tafiye masu nisa ya tsaya a girman da motar ta zo da shi. Inci 19 sulhu ne mai kyau ga mai son ido ya ƙoshi. Inci 20 zuwa sama na wanda ya yarda ya sayi kwalliya da nisan tafiya ne, kuma hanyoyin da yake bi sumul suke.

Ta fuskar yadda ake ƙera su, rim iri uku ne a kasuwa. Akwai na zubi, wanda ake narka alminiyam a zuba a mazubi. Shi ne mafi araha, mafi nauyi, kuma idan ya sha mugun duka yakan tsage. Akwai na tsakiya, wanda bayan an zuba fuskarsa ake murza gangarsa da zafi ana miƙar da ita har ta yi siriri ta kuma yi ƙarfi. Sai na ƙira, wanda ake matse dunƙulen alminiyam da gagarumin inji sannan a sassaƙa shi. Wannan ya fi kowanne sauƙin nauyi da ƙarfi, kuɗinsa kuma yakan ninka na sauran. Ga mafi yawan mutane na tsakiyar ya wadatar, don shi ne kwalliyarsa ke biyan kuɗin sabulu. Na ƙira sai mai zuwa filin tsere, ko wanda kuɗin bai dame shi ba.

Ko wanne ka zaɓa, lambar da za ka fara nema ita ce ta nauyin da rim ɗin zai iya ɗauka. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙi akwai takarda ko faranti mai nuna iyakar nauyin da gaba da baya za su ɗauka. Ɗauki wanda ya fi yawa ka raba biyu. Rim ɗin da za ka saya dole ya haura wannan adadi. Rim da yawa an ƙera su ne don ƙananan motocin fetur, ramukansu za su dace da motarka, su zauna daram, amma ƙarfinsu bai kai ba. Nemi tambarin gwaji a jikinsa, kamar JWL da VIA na Japan, ko takardar TÜV ta Jamus. Mai sayarwar da ya kasa gaya maka nauyin da rim ɗinsa ke ɗauka, ka bar masa kayansa. Araha ba ta ado, balle a ƙafar mota mai tan biyu.

Bayan haka sai awon zama. Model 3 tana da noti biyar a da'irar milimita 114.3, ramin tsakiya milimita 64.1. Ioniq 6 da'irar notinta ɗaya da ta Tesla, amma ramin tsakiyarta 67.1 ne. BMW i4 tata da'irar 112 ce, Polestar 2 kuma 108. Idan ramin rim ya fi na motar faɗi, ana sa zoben cikewa, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa a kan gudu. Sai ofset, lambar da ake rubutawa bayan ET, wadda ke nuna yadda rim zai shige ciki ko ya fito waje. Rim ɗin inci 18 na asali a tsohon samfurin Model 3 yana kan ET40. Rage lambar kaɗan yana fito da taya ta daidaita da madigadi, abin ya yi kyau, amma tayar da ta leƙo waje tana karo da iska, kuma idan ka zo ka sauke motar za ta iya gogar madigadi. Masu Model 3 samfurin Performance su ƙara lura, birkinsu manya ne, ba kowane rim na inci 18 ke rufe su ba.

Ƙananan abubuwa biyu da ake mantawa har sai an je wurin ɗauri: na'urar auna iskar taya, wadda a sabbin Tesla da Bluetooth take aiki ba da siginar rediyo irin ta tsofaffin ba, da kuma ita kanta tayar. Nemi taya mai alamar XL, wato mai ɗaukar ƙarin nauyi, ko HL ga motoci masu nauyi sosai, kuma lambar ɗaukar nauyinta kada ta gaza ta asali. Lamba 98, alal misali, kilo 750 take nufi. Notin Model 3 kuwa a kan Nm 175, wato awon ƙarfin ɗauri, ake ɗaure shi da sifana mai awo, ba da bindigar iska ba.

Yanzu ga sufirin, inda nake ganin ya kamata a fi yin taka-tsantsan.

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce gajeren sufirin, irin na Eibach ko H&R, wanda yakan sauke mota da kimanin milimita 25 zuwa 35. Ana cire na asali a sa shi, shokozoba na nan yadda yake. Motar takan yi kyau nan take, ta rage jirkicewa a kwana. Matsalar ita ce shokozoban an auna shi ne da tsawon sufirin na kamfani. Da ka gajarta, sai ya koma aiki a matse, tazarar da ta rage masa kafin ya daki robar ƙarshe ta ragu, kuma motar lantarki da nauyinta tana saurin cinye wannan tazarar. Sakamakon shi ne tsalle-tsalle a kan hanya mai gargada, da shokozoba mai mutuwa kafin lokacinsa. Idan motarka ta riga ta yi tafiya mai yawa, sa sabon sufirin kan gajiyayyen shokozoba biyan kuɗin aiki sau biyu ne.

Hanya ta biyu ita ce koyiloba, wato sufirin da shokozoba da aka ƙera su tare, kamar na KW, Öhlins ko Bilstein. Kai ne za ka zaɓi tsayin motar, a wasu ma har da taurinta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne koyiloba mai kyau na iya sa motar ta fi yadda ta fito daga kamfani laushi. Da yawa daga masu Model 3 na farko-farko, waɗanda aka sani da tauri, don wannan suke sayensa, ba don kwalliya ba. Kuɗinsa ya ninka na sufirin sau da yawa, kuma marar suna mai araha ya fi sufirin na kamfanin kirki muni. Idan motarka na da shokozoba mai sarrafa kansa ta kwamfuta, tabbatar kayan da za ka saya an yi su ne dominta, kada ka wayi gari da fitilar gargaɗi a allo.

Wasu motocin ma ba sufirin ƙarfe gare su ba. Tesla Model S ta yanzu a kan jakar iska take zaune, i4 kuma bayanta na iska ne. Irin waɗannan ana sauke su ne da ƴan sandunan da ke yaudarar na'urar auna tsayi, motar ta ɗauka ta yi sama sai ta saki iska. Aikin ba wuya, amma duk illar saukewa tana nan.

Illar farko tana ƙarƙashin motar. Tsakanin cikin Model 3 da ƙasa kimanin milimita 140 ne. Cire 35, saura 105, kafin fasinjoji huɗu da kaya su shiga. A motar fetur abin da tudun rage gudu zai kankare salansa ne. A nan garkuwar batir ce. Je ka duba mashigar garejinka da tudun da ya fi kowanne tsayi a hanyar da kake bi kullum, su za su gaya maka iyakarka, ba hoton motar wani ba. Ni ba na ba da shawarar wuce milimita 25 zuwa 30 ga motar hawa ta yau da kullum.

Ta biyu tana cin taya a ɓoye. Idan mota ta sauka, saman tayoyi kan karkata ciki, abin da makanikai ke kira kamba. Daga waje tayar kamar sabuwa, gefen ciki kuwa ya suɗe har waya ta fito. Motar lantarki dama mai cin taya ce saboda nauyi da ƙarfin fizgarta. Don haka alaimen ba zaɓi ba ne, a yi shi bayan sufirin ya zauna na ƴan kwanaki. A Model 3 ba a iya gyara kambar baya da kayan asali, sai an sayi hannuwa masu daidaituwa, kuma wannan kuɗin ya kamata ya shiga lissafinka tun farko. Haka daidaita fitilun gaba, da sake saita kyamarorin taimakon tuƙi tunda tsayin da suke kallon hanya ya canza. Makanikin da zai yi aikin ya san wuraren sa jak a motar lantarki, domin jak a gurbin da ba nasa ba batir yake turawa.

Garanti ba ya mutuwa gaba ɗaya don ka canza rim ko sufirin, amma kamfani na iya ƙin gyara duk abin da ya nuna canjin ne ya lalata shi, kuma batirin da aka daka daga ƙasa ba ya cikin abin da suke ɗauka. Kamfanin inshora ma a sanar da shi. A Jamus sai kayan na da takardar amincewa, ko an kai motar an duba an rubuta canjin a takardunta.

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi rim mai sauƙin nauyi a girman asali, da ofset da zai ɗan fito da taya. Sau da yawa wannan kaɗai ke sa ratar madigadin ta daina damun ido. Yi wata biyu kana hawa, kana lura da wutar da motar ke ci a kowace kilomita a allonta. Idan har lokacin kana son ta sauka, ka tara na koyiloba da hannuwan kamba. Kayan asalin kuma ka adana su a wuri mai kyau, don ranar sayar da motar yawancin masu saye su za su tambaya.